Yadda zaka koya wa matashin gidanku gane tarkon talla a waya

Hutun da ya wuce 'yar yayata ta zo mana kwana biyu, shekararta 15, rannan da yamma ina zaune ta zo tana wani lanƙwasa murya, "Kawu dan Allah ka ranta min dubu takwas." Na ce na me? Wai wani man shafawa ne wata mai tashe a TikTok ta nuna, kwana bakwai kacal fuska ta yi sumul kamar ta jariri. Na ce ai talla ce, ta ce "a'a wallahi Kawu ba talla bace, ita ma shi take shafawa, da bakinta ta faɗa." Abin da ya ɗaure min kai shi ne, yarinyar nan idan aka aike ta cefane ba mai tumatir ɗin da ya isa ya cuce ta, sai ta tura hannu ƙasan kwando ta duba ko ruɓaɓɓu aka ɓoye, ta taya rabin kuɗi, ta juya kamar zata tafi har sai an kira ta. Amma a waya an ɗora mata manyan tumatir a sama ta kasa ganewa.

Tun daga ranar na fara gwada abubuwan nan a gida da kuma ajin da nake koyarwa, wasu sun yi aiki wasu kuma sai a hankali. Abin da na fahimta dai shi ne yaranmu sun riga sun san talla tun suna ƙanana, a cikinta suka tashi, aikinmu kawai mu taimaka musu su ɗauko wayon kasuwa su shigo da shi cikin waya.

Mataki na 1: Ka aje wa'azi, ka aje ƙwace waya

Na san wannan zai yi wa wasu iyaye nauyi. Amma duk wanda ya taɓa ƙwace wayar ɗan shekara 16 ya san ƙarshen labarin, zai ari ta abokinsa, ko ya sayi wata 'yar tsohuwa ya ɓoye a ƙasan katifa, kai kuma ka rasa sanin abin da yake kallo gaba ɗaya. Sannan cewa yaro "wannan abin ba kyau, zai cutar da lafiyarka nan da shekara ashirin" bai cika shiga kunnensa ba, shekara ashirin a wurinsa kamar lahira ce.

Abin da matashi ya tsana a duniya shi ne a maida shi wawa. A nan zaka kama shi. Akwai wani bincike da Christopher Bryan da David Yeager da wata abokiyar aikinsu suka wallafa a 2019, sun je wata makaranta a jihar Texas ta Amurka suka raba ɗalibai gida biyu, wasu aka basu darasin lafiya na yau da kullum, wasu kuma aka nuna musu dabarun da kamfanonin kayan ƙwalama ke amfani da su wurin jan ra'ayin yara. Wanda aka nuna musu dabarar, musamman mazan, su ne suka rage sayen kayan a kantin makaranta har tsawon watanni. Ma'ana ba tsoron ciwo ne ya hana su ba, haushin cewa wani babba yana zaune a ofis yana lissafin yadda zai wawure musu kuɗi ne. To da wannan harshen zaka yi magana da shi: "zo ka ga yadda mutanen nan suke ɗaukanmu."

Mataki na 2: Ku fara daga kasuwa

Kafin ku taɓa waya, ka tambaye shi ya lissafo maka dabarun 'yan kasuwa da ya sani. Zaka sha mamaki. Mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kan mota, magani ɗaya yana warkar da basir da shawara da taifod da sanyin ƙashi. Mai gwanjo da ke ihu "ya kusa ƙarewa, saura uku." Dillalin da zai ce maka yanzun nan wani Alhaji ya taya sama da haka. Da kuma wanda ake haɗa baki da su, su tsaya a gefen mai kaya suna yabawa suna tayawa kamar da gaske saye zasu yi don kai ka ji tsoron kar ya wuce ka, wanda a fiƙihu ake kira najash kuma Annabi (SAW) ya hana. Yaran da suka yi Islamiyya sun san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci ya tura hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya sa baka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus baya tare da mu.

Sai ku ɗauki takarda ku raba biyu, gefe ɗaya kasuwa gefe ɗaya waya. "Saura uku" shi ne agogon nan da ke ƙirga mintuna wai ragin farashi zai ƙare ƙarfe sha biyun dare, gobe ka dawo ka tarar ya sake farawa. Masu tayin ƙarya su ne kwament ɗin nan hamsin masu cewa "na gwada wallahi yana aiki", wanda idan ka shiga shafukansu zaka ga jiya-jiya aka buɗe su. Tumatir ɗin sama shi ne hoton "kafin" da "bayan", na farko an ɗauka a ɗaki mai duhu ba kwalliya fuska a murtuke, na biyu a gaban fitila da filta da murmushi. Wannan darasin baya wuce minti ashirin amma shi ne ginshiƙin duk sauran.

Mataki na 3: Ka nuna masa wa ke biyan kuɗin "kyauta"

Ka tambaye shi, nawa kake biyan TikTok ko Facebook a wata? Zai ce ba ko sisi, data kawai. To data kamfanin layi ne ya ci, shi Facebook a ina yake samu? Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, a shekarar 2024 kaɗai ya samu sama da dala biliyan 160, kuma kusan duka daga talla ne. Banza dai bata kai zomo kasuwa. Abin da suke sayarwa shi ne idonka da lokacinka, masu talla ne kwastomomi, shi ya sa aka ƙera manhajar yadda bidiyo baya ƙarewa, kana gama ɗaya wani ya faɗo, ba wurin tsayawa balle ka tuna an kira magariba.

Yanzu ku yi a aikace. Ku buɗe Facebook ko Instagram ɗinsa, shi zai riƙe wayar ba kai ba, ku gangara har ku ga abin da aka rubuta Sponsored a ƙarƙashin sunan, ku danna ɗigo ukun nan na gefe, akwai inda aka rubuta Why am I seeing this ad, zai gaya muku dalilin da ya sa aka turo masa, shekarunsa, garin da yake, irin abin da ya saba kallo. Ranar da na yi wannan da wani ɗalibina shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce "Malam wato sun san a Kano nake." Eh sun sani, har abin da ya fi haka. Ba kuma zargi bane kawai na mutanen gari, a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Wani gwajin mai daɗi: ku zaɓi abin da bai taɓa nema ba, misali kiwon zomo, ya kalli bidiyo biyar a kai har ƙarshe ya danna musu laik, sannan ku aje wayar. Gobe ku duba ku ga zomaye nawa suka cika masa shafi. Daga nan zai gane cewa abin da yake gani ba shi ne "abin da kowa ke yi" ba, abin da aka lura yana tsayawa a kai ne ake ƙara masa, ko alheri ko tsiya.

Mataki na 4: Tallar da bata ce ita talla bace

Nan ne wurin da 'yar yayata ta faɗa, kuma nan ne mafi wahala, don haka zan ɗan daɗe. Tallar rediyo ko ta allon kan titi kowa ya san talla ce, kana jin kiɗan ka shirya. Amma yarinyar da ke kallon wata kullum tsawon shekara biyu, ta san ɗakinta, ta san sunan ɗanta, ta ga ranar da ta yi kuka a bidiyo, a zuciyarta ta zama kamar yayarta. Idan wannan ta ɗago kwalba ta ce "'yan uwa kun dame ni da tambayar me nake shafawa, to gashi", ba a jin ta a matsayin mai talla. Kamfanoni kuma sun san haka sarai, wannan yardar ita suke saya.

Kar ka zagi wadda take so ɗin, kana zagin ta ka rasa yarinyar. Ni abin da na ce mata shi ne, "ita ma sana'arta take, Allah Ya bata sa'a, amma zo mu duba ko an biya ta." Alamomin da muka duba: ta sa lambar waya ko shafin mai kayan? Ta ce a ambaci sunanta a samu ragi? Wannan kamasho ne, duk wanda ya saya tana da kaso. Ta taɓa faɗin aibin kayan ko guda ɗaya? Mutumin da ya sayi abu da kuɗinsa ko yaya sai ya ce "sai dai ƙamshin ya yi ƙarfi" ko "ya yi tsada." Sannan muka koma baya a shafinta wata huɗu, sai gashi wani man daban take rantsuwa da shi, da irin kalmomin nan sak. A nan yarinyar ta yi dariya da kanta, ban ƙara cewa komai ba.

A doka, hukumar ARCON wadda ta maye gurbin APCON a 2022 ita ke da alhakin tantance talla a Najeriya kafin a fitar, har da ta intanet, amma kowa ya san ba yadda za a yi ta bi kowane bidiyo da kowane sitatus na WhatsApp. Saboda haka tantancewar ta dawo kan mai kallo. Na koya wa yaran tambayoyi huɗu da zasu riƙe a ka: wa ya yi wannan, wa ya biya, me yake so in yi bayan na kalla, me aka ƙi faɗa min. Ta ƙarshen nan ita ce mai tsada.

Sai kuma ka ja hankalinsa kan me tallar ke taɓawa a zuciya. Yawanci ba kayan ake sayar maka ba, wani rauni ake sosa maka tukunna. Kin yi baƙi, kin rame, ƙawayenki sun fi ki, kai sa'o'inka suna hawa mota kana tafiya a ƙasa. Sai an gama sa ka raina kanka sannan a miƙo maganin. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya yi bincike ya ga Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Idan kika zauna da 'yarki ki tambaye ta kai tsaye, "bayan kin gama kallon wannan, ya kike ji game da kanki?" Kar ki cika ta da surutu, ki bari ta amsa.

Mataki na 5: Ku karanta jikin kwalba tare

Wannan mai sauƙi ne. Ku ɗauko abin da ake tallar ku juya bayansa. Akwai lambar NAFDAC? Za a iya duba ta a rumbun hukumar na intanet da ake kira Greenbook, don wasu lambar ƙirƙira suke bugawa. A magungunan gargajiya da yawa zaka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa NAFDAC bata tantance iƙirarin da aka yi ba, wato ta duba ba guba bane amma bata ce yana warkar da abin da mai lasifika ke faɗa ba. Man da aka zuba a roba ba suna ba jerin sinadarai, wai "haɗi na musamman", wannan ko kyauta aka baki kar ki shafa. Masu sa fari cikin kwana bakwai galibi sinadarai ne masu ƙarfi a cikinsu, hydroquinone mai yawa ko sitiroyid ko ma mercury, ƙarshensu fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, mercury kuma har ƙoda yake taɓawa. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha ka fashe, da yawansu sitiroyid ne irin dexamethasone, kumburi ne suke sawa ana zaton ƙiba ce.

Lemon kwalba ma ku yi masa haka. Ku duba giram nawa na sukari aka rubuta a kowane mililita 100, yawanci wajen 10 ne, ku ninka da adadin mililita ɗari-ɗari da ke cikin robar (robar 50cl sau 5 kenan), ku raba da 4 don cokalin shayi ɗaya kusan giram 4 ne. Robar 50cl zata baku cokali 12 ko fiye. Ku auna shi a kofi ya gani da idonsa, sannan ku sake kallon tallar da 'yan ƙwallo ke sha suna tsalle.

Mataki na 6: Ku yi lissafin caca da na kuɗin banza da biro

Ga samari wannan ne babban ramin. Yaro yana kallon Firimiya, rigar 'yan wasa tallar caca, allon gefen fili tallar caca, ya buɗe waya wani yana nuna tikitin da ya ci miliyan biyu da naira ɗari. Abin ya yi yawan da su kansu kulob ɗin Ingila suka amince a 2023 zasu cire kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26. A Kano Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024, amma shagon da ke cikin aljihun yaro wa zai rufe? Ya san haramun ce, an faɗa masa tun yana ƙarami, kuma bai hana wasu ba, to ka ƙara masa da lissafi.

Ka ce ya ɗauka ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne wanda ya ci a ninka masa kuɗi sau 2. Amma kamfani zai bada 1.90 a kowane ɓangare. Ni na sa 1,000 a nan kai ka sa 1,000 a can, an tara 2,000, wanda ya ci a bashi 1,900, kamfani ya riƙe 100 ko wa ya ci. Shi baya caca, mu ne ke yi. Sannan tikitin wasa goma da ake cewa "tabbas ne", ko da kowane wasa yana da damar kashi 70 cikin 100 na zuwa yadda aka zata, ka sa shi ya danna 0.7 sau 0.7 har sau goma a kalkuleta, zai ga bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, "wasa ɗaya ne ya yanke min." Kuma ka tambaye shi, mutum dubu nawa ne suka faɗi a ranar da wancan ya ci, su wa ya ɗora nasu tikitin?

Haka zancen zuba kuɗi a ninka. MMM ta yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. Aka ce an yi hankali, sai ga CBEX da alƙawarin ninka kuɗi cikin kusan wata guda, ta rufta a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a. Ka bashi kalkuleta ya ninka 100,000 sau biyu duk wata har wata 12, zai samu sama da miliyan 400. Sai ka ce masa, wanda ya san hanyar da dubu ɗari ke zama miliyan 400 a shekara, me zai yi da dubu biyar ɗinka har yana roƙon ka kawo mutum uku? Su ma yaran suna da nasu tabon ai, ka tuna musu Hamster Kombat a 2024, wasan wayar nan da aka yi alƙawarin raba kuɗin kirifto, wata da watanni ana dannan waya dare da rana ana kallon bidiyon da aka ce a kalla ana gayyato abokai, da aka zo rabo a watan Satumba da yawa ko kuɗin datar da suka ƙona basu mayar ba. Ka tambaye shi a wannan watannin wa ya samu mabiya da masu kallo, shi ko su?

Ka haɗa masa da manhajojin bashi masu cewa "ba jingina, minti biyar kuɗi ya shigo." Wasunsu da zarar ka basu izinin shiga lambobin wayarka, ranar da ka makara zasu tura wa surukanka da limamin unguwarku saƙon cewa kai ɓarawo ne. Ka koya masa karanta izinin da manhaja ke nema kafin ya danna amincewa, me ya haɗa manhajar tocila da hotunanka?

Mataki na 7: Yadda ake bincika labari cikin minti uku

Talla da labarin ƙarya 'yan gida ɗaya ne, duka so suke ka yi sauri kafin ka yi tunani. Manya zasu tuna watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare da kiran waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka wasu suka kwanta asibiti. Wanda suka yaɗa ba mugaye bane, masoya ne, kowa yana son ceton ɗan uwansa. Ayar Suratul Hujurat ta 6 ta ce idan aka zo muku da labari ku bincika, to ga yadda ake binciken a waya.

Na farko, idan abu ya sa ka fushi sosai ko tsoro ko murna, ka dakata, kar ka tura tukunna. Na biyu, ka fita daga shafin. Kar ka tsaya kana duba ko shafin ya yi kyau, kowa zai iya sa tambarin BBC Hausa a kan hoto, ka je ainihin shafinsu ka ga ko labarin yana nan, ka rubuta kanun a Google ka ga wa da wa suka ɗauka. Na uku, hoto ka sa shi a Google Lens, sau da yawa zaka tarar hoton wata ƙasa ne ko na shekara shida da suka wuce. Na huɗu, akwai masu aikin tantancewa irin Dubawa da Africa Check, ka rubuta sunan abin tare da sunansu. Yanzu kuma ga bidiyon da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, zaka ga fuskar Ɗangote ko wani babban ɗan jarida yana cewa a zuba kuɗi a wani shiri, murya tasa baki nasa amma bai taɓa faɗa ba. Da ana gane su da motsin leɓe, yanzu sun fara wuce nan, don haka tambayar da ta fi ita ce, a shafinsa na gaskiya ya faɗa? Kamfanin zuba jari kuma a duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba lasisin karɓar kuɗin mutane bace.

Ni ina maida shi gasa a aji, in kawo abu biyar, uku ƙarya biyu gaskiya, ƙungiyar da ta fara ganowa da hujja ta ci biskit. Dole ka riƙa sa na gaskiya a ciki, in ba haka ba zaka ƙare da yaron da ke cewa komai ƙarya ne, shi ma wannan wata cutar ce, don ranar da aka ce a yi rigakafi ko ambaliya na tafe bazai yarda ba.

Mataki na 8: Ka sa shi ya haɗa tasa tallar

Duk cikin abin da na gwada ba wanda ya kai wannan. Na raba ɗalibaina ƙungiya-ƙungiya na ba kowa abu ɗaya, zoɓo, ƙuli-ƙuli, awara, na ce su yi bidiyo biyu na daƙiƙa 30, ɗaya na gaskiya tsantsa, ɗaya kuma su zuba duk dabarar da muka koya. Wallahi na yi dariya har da hawaye, wani ya sa rigar likita ta aro yana cewa zoɓonsu na ƙara basira, wata ta yi kukan ƙarya wai ƙuli-ƙuli ne ya gyara mata aure, ga 'yan tayin ƙarya a baya suna "saura biyu, saura biyu." Bayan an gama sai sauran su faɗi dabarun da suka gani. Wanda ya taɓa zaɓen inda zai yanke bidiyo da hannunsa, ya cire wurin da bai yi kyau ba, ya daina kallon bidiyon wasu kamar wahayi.

Kuma yana da wani amfanin, da yawa daga cikin yaran nan sana'a zasu yi a waya, wasu ma sun fara sayar da turare da atamfa a sitatus. Gara su san iyakar da ke tsakanin gyara kaya ya yi kyau da algus tun yanzu.

Mataki na 9: Saitin waya, da kuma kai kanka

Saiti yana taimakawa amma kar ka dogara da shi. TikTok da Facebook da Instagram duk ƙa'idarsu shekara 13 ce, TikTok yana sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, yana da Family Pairing da zaka haɗa wayarka da tasa, a Android kuma akwai Family Link. Matsalar ita ce yawancin yaranmu shekarun ƙarya suka sa ranar buɗe shafi, ɗan 14 ya rubuta 25, don haka duk kariyar nan bata hau kansa ba kuma tallar manya ake turo masa. Ku zauna ku duba wannan tare. Ku kashe sanarwar manhajojin da ba dole ba. Mu a gidanmu mun yi dokar kwana biyu, duk abin da aka gani a waya ana so a saya sai ya kwana biyu tukunna, fiye da rabi kafin lokacin an manta da su. Waya kuma a falo take kwana wurin caji, har da tawa, don idan ka ce su aje kai kana kwance kana gangarawa har ƙarfe ɗaya, sun gan ka.

Ka shirya kuma wata rana abin zai juyo kanka. Makonni kaɗan bayan 'yar yayata ta koma gida, na tura wani saƙo a guruf ɗinmu na dangi, wai wani kamfanin layi na rabon data kyauta don bikin cikarsa shekaru, a danna a tura wa mutum goma. Ko karantawa ban gama ba na tura. Ba a yi minti biyar ba sai ga ta ta biyo ni ta gefe, bata yi a guruf ba don kar ta kunyata ni, ta ce "Kawu ina wuni, dan Allah ka duba adireshin shafin nan, ba na kamfanin bane, kuma lambar BVN suke tambaya a ƙarshe." Na koma na goge, na rubuta wa dangi cewa kar kowa ya danna, amma kafin nan Gwaggo ta riga ta tura wa guruf uku, sai da muka kira ta a waya muka yi ta bayani, ita kuma tana ta tambayar to datar fa, yaushe zata shigo.